Yadda Gwaggo Casilda Ta Shayar da Tabar Mahaifinmu

Shekara ashirin da biyu ke nan ina karanta wa masu naɗin taba jarida da safe, littafi da yamma, a masana'antarmu ta nan Pinar del Río. A duk tsawon nan mutum ɗaya ce maganata ba ta taɓa ba dariya ba, ita ce Casilda Arencibia mai riƙe da ɗakin al'ul inda ake ajiyar taba, wadda yaro da babba ke kira Gwaggo. Na taɓa sa manaja ya ƙware da kofi. Na taɓa sa zaure guda, mutum casa'in, suna buga wuƙaƙen yankan ganye a kan tebur har aka aiko daga ofis wai in sassauta. Ita kuwa in ta zo wucewa da bokitinta sai ta dube ni yadda ake duban zakaran da ya yi cara da tsakar rana, ta yi gaba.

A wata gona ta wajen San Juan aka haife ta, bayan rumfar shanya ganye. Tana da shekara goma sha huɗu aka zaunar da ita cire jijiyar ganyen taba. Bayan shekara bakwai aka mai da ita wajen jiƙa ganye, ta yi tara a can. Da tsohon da ke kula da ɗakin al'ul ya kwanta ciwo sai aka ba ta mabuɗi, ta riƙe na mako biyu. Mako biyun nan ne bai ƙare ba, yau shekara arba'in da ɗaya.

Ɗaki ne dogo marar taga, bango da kantoci duk katakon al'ul, wani itace mai ƙamshi. Nan taba take hutawa bayan an naɗe ta, kafin a tura ta Habana, babban birni. Aikin Gwaggo guda ne, kada iskar ɗakin ta bushe, kada kuma ta jiƙe. In ta bushe, rigar taba, wato lallausan ganyen nan na waje, sai ta tsage, ƙamshi ya tashi. In laima ta yi yawa funfuna ta hau, karan taba ya toshe, ka yi ta ja har kunnuwanka su yi ƙara hayaƙi bai iso ba. In kuwa zafi ya haɗu da laima, ƙwaro ya ƙyanƙyashe ya yi wa kara ramuka kamar sarewa.

Saboda wannan aiki ba ta shafa turare, ba ta wanka da sabulu mai ƙamshi, kuma ba ta taɓa albasa ko tafarnuwa. Marigayi mijinta, ƙato direban tarakta, shi ya yi shekara talatin yana yanka albasar gidansu yana hawaye, unguwa na cewa matar ce ke dukansa. Ruwan sama kaɗai take zubawa a tukwanen ƙasar da ta jera a ƙarƙashin kantoci, wai na famfo yana da warin magani. Wata shekara aka aiko mata da ma'aunin laima daga Habana, mai allura kamar agogo. Ta kulle shi a kwalba tare da jiƙaƙƙen gishiri har kwana guda, domin a cewarta gishiri lambarsa saba'in da biyar ce, ba ya sauyawa. Allura ta tsaya a saba'in. Ta ce maƙaryaci ne da biyar, ta rataye shi a bango don masu zuwa dubawa su sami abin kallo. Ita da fatar hannunta take awo, da hanci, da kunne.

Duk wannan na san shi kamar yadda kowa ya sani, har ina saka shi cikin barkwancina. Ban san ko ita wace ce ba sai da na kai mata akwatin Baba.

Mahaifinmu Nemesio mai naɗin taba ne, shekara arba'in a tebur ɗaya. Wana Rigoberto ya zauna kusa da shi shekara shida yana koyo, sannan a shekarar alif ɗari tara da tamanin ya shiga kwalekwale ya tsallaka teku, ya ƙare a Tampa. Baba bai sake ambatar sunansa a gaban mutane ba. Amma da ya ji hannunsa ya fara rawa, sai ya zauna a gida ya naɗe kara ashirin da biyar da ganyen da ya zaɓa da kansa, ya jera a akwati. Kwana biyu kafin ya rasu ya miƙo mini ya ce in ajiye wa Rigo, in ya zo. Bai bar wa wana wasiƙa ba, bai bar masa ko kalma ɗaya ba. Akwatin nan ne kawai.

Da farko na kula da shi. Yana cikin kabad ɗin kaya, duk wata ina dubawa. Sai wata guguwa ta yaye mana rabin jinka, ruwa ya shiga ɗakin kwana, na ɗauke akwatin na ɗora a kan firji, wai kafin a gyara. Tsohon firji ne na Rasha, irin wanda bayansa ke huci kamar gidan burodi. Na ɗora jaridu a kai, na ƙara ɗora wasu. Shekara huɗu.

Ranar da Rigo ya bugo waya ya ce ya sami takardar izinin shigowa, zai zo nan da mako tara, abin da ya rufe magana da shi shi ne, "Evelio, an ce Baba ya bar mini wani abu a wurinka." Na ce yana nan lafiya lau, kamar jariri a zanen goyo. Ina ajiye waya na ture jaridu na buɗe. Na ɗauki kara ɗaya, ba nauyi, na ɗan matsa sai ya yi ƙaras kamar busasshen ganyen masara.

Ku ji dabarar mai ilimi, mutumin da ya karanta wa jama'a littafi fiye da ɗari. Na tuna yadda masu zakarun faɗa ke yi in zakara ya jigata, su kurɓi giyar rake su fesa masa da baki, nan take ya miƙe yana neman abokin gāba. Na ce abin da ya ta da zakara ai zai ta da taba. Na ware kara shida na gwaji, na kurɓa na fesa musu, na nannaɗe su a jiƙaƙƙen tawul. Matata Onelia tana tsaye da ludayi tana kallona, ta tambaya ko ba gara in kai wa Gwaggo ba. Na ce mata a gidan mai naɗin taba aka haife ni. Washegari da safe na buɗe tawul, duka shidan sun kumbura sun fashe daga gindi har kai, kamar rogon da ya wuce dahuwa.

Litinin na rungumi akwatin na je ƙofar ɗakin al'ul. Na shirya barkwanci uku a hanya, ko ɗaya bai fito ba. Gwaggo ta ɗaga murfi, ta sunkuya ta shaƙa sau ɗaya.

"Naɗin Nemesio ne," in ji ta. Ban gaya mata ba. Ta sake shaƙa. "Bayan firji. Kuma ka ba su giya."

Na ce kaɗan ce, don su farfaɗo.

"Aku, in aka tsamo mutum ya kwana huɗu a teku ba ruwa, bokiti kake ɗura masa?"

Ta zauna a kujerarta ta bakin ƙofa, ta riƙa ɗaukar sauran goma sha taran ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ta kai shi kunne ta murza a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, idonta a rufe. Ta bayyana mini, da muryar da ake yi wa marar wayo bayani, cewa ganyen ciki yana rigan riga shan ruwa. In ruwa ya zo da yawa lokaci ɗaya, ciki ya kumbura, riga kuwa tana nan a bushe, dole ta yage. Sai an lallaɓa su su sha tare. Na tambaya kwana nawa. Ta ce wata uku. Na ce mako tara gare ni, har ma an ci kwana uku a ciki. Ta ce to in je in gaya wa taba.

Ba ta ma shigar da su ɗakin ba. Mako biyu na farko akwatin a rufe yake cikin wani kabad a baranda, inda iskar ɗakin ke ɗan lasowa in an buɗe ƙofa. Kullum in na sauko daga dandamalin karatu sai in je in leƙa, in tarar ba abin da ya motsa. Na ce mata Gwaggo, wannan aikin ai ni ma na iya shi, ajiye akwati a manta da shi, shekara huɗu na yi ina yi. Ko kallona ba ta yi ba. A mako na uku ta ɗaga murfin faɗin yatsa ɗaya, ta tokare da guntun katako. A na huɗu ta kai su kanta ta sama kusa da ƙofa, inda ya fi ko'ina bushewa a ɗakin. Kowace safiya, kafin ta sha kofi, sai ta juya kowane kara rubu'in juyi, na gefe su koma tsakiya, na tsakiya su koma gefe. Duk mako ta sauko da su kanta ɗaya, suna matsowa kusa da tukwanen ruwa.

A mako na shida aka ɓarke da ruwa kwana uku ba tsayawa, da iskar kudu mai ɗumi, wuta kuma ta ɗauke a rabin gari. Injin sanyaya ɗakin ya mutu. Gishiri ya narke a gidaje, ashana ta ƙi kamawa, ganye ya yi laushi a hannun masu naɗi har aka sallame su da rana tsaka. Gwaggo ta rasa mai taya ta ɗaukar kaya, sai ta leƙo zaure ta ce in zo, tunda bakina ya sami hutu. Ta sa na wanke hannu da ruwa zalla, na tuɓe rigata mai warin man gashi. Ranar ce ta farko da na shiga ɗakin.

Muka fitar da tukwanen ruwa duka. Muka shigo da buhunan gawayi da busasshen askin al'ul, ta nuna mini inda zan ajiye kowanne domin su shanye laima. Sannan ta ce in yi shiru, in zan iya. Ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ta miƙa hannun a gabanta, ta kama tafiya a hankali tsakanin kantoci, fitilar hannu a wurina ni da ke bayanta. Ba ta taɓa komai. Taba dubu sittin ce a ɗakin ranar, ɗauri-ɗauri har rufi. Ta wuce layi na farko, ta wuce na biyu. A tsakiyar na uku ta tsaya, ta ja baya taku ɗaya, ta ce nan ya sha da yawa. Ta tsuguna ta zaro wani ɗauri daga can baya, ta kwance, ta fid da kara ɗaya daga tsakiyarsa. Na haska. A gindinsa akwai wani farin gashi-gashi da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Na juya na haska ma'aunin Habana. Allurarsa na nan inda take tun bara.

Na tambaye ta a hankali yadda aka yi ta sani. Ta ce ba ta san yadda za ta faɗa ba, wurin ne ya yi mata nauyi a fata, kamar in ka shiga ɗakin da aka gama kuka. Ta ware ɗaurin, ta goge kantar, muka ci gaba. Sau huɗu ta tsaya a ranar, kuma duk huɗun akwai abin da ta tarar. Akwatin Baba kuwa ta mai da shi kanta biyu sama, ta rufe murfin ruf. Na ce ai baya muka koma. Ta ce e, mako guda muka yi asara, in gode da ba duka ba.

Da wuta ta dawo sai na je mata da wata shawara. Akwai wani tsoho a zaure da ya iya kwaikwayon hannun kowa. Na ce ya naɗa shida irin na Baba, a cike gurbin waɗanda suka fashe, wa zai sani? Gwaggo ta ajiye tsumman da ke hannunta.

"Wanka Rigo shekara shida ya yi yana kallon yatsun ubanku. Kai da kake zaune a sama kana surutu ne ba za ka gane ba." Ta sake ɗaukar tsumman. "Kuma ni ba na ajiye ƙarya a ɗakina. Guda ɗaya ce, tana rataye a bango."

Rigo ya sauka ranar Lahadi, zai koma Lahadi mai zuwa. Ya yi tumbi, gashi ya tafi, amma tafiyar Baba ce sak. Onelia ta dafa shinkafa da baƙin wake, da rogo, maƙwabta suka gasa alade, aka yi kuka aka yi dariya. Da aka watse ya dube ni ya ce ina abin. Na ce yana wurin ajiya na musamman. Litinin da sassafe na ruga wurin Gwaggo. Ta murza kara ɗaya a kunne ta ce Asabar. Na roƙe ta, na haɗa ta da kabarin mijinta. Ta ce tsakiyarsu bai gama sha ba, in aka kunna yau gefe ɗaya zai ci ya bar gefe, kuma ba za ta miƙa wa ɗan Nemesio tabar da za ta ci a karkace ba.

Kwana biyar na yi ina yawo da wana. Na kai shi kabarin Baba, na kai shi gonar da aka haifi Inna, na kai shi wurin duk wata tsohuwa da ta taɓa goya shi. Na ba shi labarai har muryata ta dushe. Ran Alhamis muna zaune a baranda ya daina dariya, ya ce, "In ka sayar wa 'yan yawon buɗe ido ne, faɗa mini kawai, ƙane. Na san an sha wuya a nan." Na gwammace ya mare ni. Na ce ya ba ni zuwa Asabar.

Asabar da hantsi muka je. Ba aiki ranar, zaure shiru, Gwaggo na zaune a bakin ƙofarta da akwatin a cinya. Ta dubi Rigo ta ce ya tsufa. Ya ce ita kuwa tana nan yadda ya bar ta, har yanzu tsoronta yake ji. Ba ni ta miƙa wa akwatin ba, shi ta miƙa wa, kuma kafin ya buɗe ta gaya masa gaskiya tsirara. Ta ce sun bushe shekara huɗu, kashi ɗaya cikin uku na ƙamshin ya tafi, ba mai iya dawo da shi. Abin da ya rage ne ta lallaɓa ya dawo. Goma sha tara suna da rai. Shida kuma, ta ce, ƙaninka zai yi maka bayani, tunda shi ne mai baki.

Na yi bayanin. Ban yi masa ado ba, har zakarun faɗa na faɗa. Rigo ya buɗe akwatin, ga goma sha taran a jere suna ɗan sheƙi, ga shidan a gefe, Gwaggo ta naɗe su a siririn fallen al'ul. Ɗaya daga cikin fasassun ya fara ɗauka. Ya sa farce ya buɗe tsagar, ya baje ganyen ciki a tafin hannunsa. Kowane ganye an murɗa shi shi kaɗai kamar ƙaramin bututu kafin a haɗa su. Ya ce haka Baba yake yi, hanyar da ta fi kowace cin lokaci, kullum ana yi masa faɗa a ofis bai cika adadi ba. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana ƙoƙarin tuna ta wane gefe Baba ke murɗawa, ya kasa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Sannan ya ɗauki mai rai ɗaya, ya matsa, ya ɗan lotsa ya dawo. Gwaggo ta kore mu tsakar gida, wai ba a kunna wuta kusa da ƙofarta. Ta biyo mu da kujerarta. Ya yanke kan, ya kunna da tsinken al'ul. Wutar ta kama zagaye guda kamar zobe, ta riƙa sauka daidai, ba gefen da ya riga wani. Toka fara ta taru har tsawon yatsa ba ta faɗi ba. Ƙamshin da ya tashi na ɗakin Baba ne ranar Lahadi da yamma, ya ɗan yi nisa, kamar ana jin sa daga ƙofar gida. Awa ɗaya da rabi Rigo yana sha, hawaye na gangara cikin gemunsa bai share ba. Ni ma awa ɗaya da rabi ban ce uffan ba, Onelia har yau ba ta yarda ba. Gwaggo ba ta kallon fuskar kowa, bakin wutar take kallo, tun daga farko har ya kusa ƙona masa yatsu. Sai ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta miƙe ta ɗauki kujerarta.

Rigo ya ce zai tafi da uku, sauran goma sha biyar ta riƙe masa, don gidansa na Tampa injin sanyi ne dare da rana, zai kashe su cikin wata guda. Ta ce ɗakin na hukuma ne, ba masaukin baƙi ba, amma akwai wata kusurwa. Ta ƙara da cewa shekarunta saba'in da ɗaya, ya yi lissafin dawowarsa da kyau.

Ya juyo gare ni, ya tattara fasassun shidan ya ɗora mini a hannu. "Ga gadonka, mashayi," in ji shi, ya rungume ni har ƙashin bayana ya yi ƙara.

Ban kai ga rufe hannu a kansu ba Gwaggo ta dawo. Ta kwashe su daga tafina ɗaya bayan ɗaya, ta mai da su cikin fallen al'ul, ta ce ko fasasshiyar taba tana da haƙƙi, ta shige da su ɗaki ta ja ƙofa.